Tawada a Ƙarƙashin Lalle

Azumin bana ya faɗo tsakiyar damina. Sai da watan ya zagaya zafi da sanyi, shekara talatin da 'yan kai, sannan ya dawo inda na taɓa saninsa ina amarya. Jiya da la'asar ina zaune a barandar gidanmu na Karu, ruwa yana dukan kwano, ƙamshin masarar da ake gasawa a bakin titi yana shigowa yana tsokanar mai azumi, sai 'yata Bilkisu ta dawo daga ofis a jiƙe tana mitar cunkoson motoci. Ta ajiye jaka, ta hau kwaɓa lallen Sallah.

"Mama, kawo hannun. Bana kam sai na rufe babban yatsan nan. Kullum a bar shi fari kamar ba naki ba."

Na ce, "Yi sauran, ki bar min shi."

Ta yi dariya ta ce rigimar tsufa ce. Ni kuwa tuni na bar Karu, ina Paikon Kore.

Shekarar da soja za su miƙa mulki ga farar hula ce. Rediyo kullum cewa yake ƙasa ta yi arziki, kuɗin mai sun yi yawa, kuma a nan dajin namu za a gina babban birni. Muna ganin manyan motoci suna wucewa ta Gwagwalada ɗauke da mutane masu hular kwano da ƙarafan awo. Sai dai arzikin bai biyo ta tukunyarmu ba. Lokacin nan ne na tsakanin tsohuwar dawa da sabuwa. Rumbu ya yi ƙasa, sai mutum ya zura rabin jikinsa kafin hannu ya taɓa dami. Masara ta yi goyo amma ba ta nuna ba. Miya daga rama sai tafasa, itace a jiƙe, in na hura wuta hayaƙi ya cika min ido har na rasa ko shi ke sa ni hawaye ko yunwa. Mu yi sahur da ɗumame, maza su saɓa fartanya su tafi gona maimaita noma, mu kuma mu hau surfe da daka muna kallon sama, muna kwashe shanya muna mayarwa. Abin da ya fi ba ni mamaki a azumin damina shi ne ƙishirwa. Ruwa ta sama, ruwa ta ƙasa, indararo yana zuba kamar ana kiranka, maƙogwaro kuwa a bushe.

Gidan surukina muke, Baba Alhaji, da matarsa Inna, mace mai ƙarancin magana. Sai Gwaggo, yayarsa, wadda yanar ido ta makantar, ƙafafu kuma suka kumbura. Ita ta raini mijina, shi ya sa nake ce masa Na-Gwaggo, don ba na kama sunansa. Da na zo gidan an buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamare, na je 'yan kwanaki, Baba Alhaji ya ce matar aure ba ta zama kan benci. Sai Na-Gwaggo, da ya yi firamare, ya riƙa koya min a ɗaki. Ya rubuta harafi da gawayi a daɓe, in kwaikwaya, mu share da tsumma kafin kowa ya shigo. Daga baya na karanta littattafan soyayya da ban san iyakarsu ba, na ga samari masu motoci da turare da kalamai kamar zuma, amma ban ga wanda ya kai mutumin da ya durƙusa yana riƙe min hannu ina zana baƙi a ƙasa ba.

A shekarar ne aka ce mu ma matan Arewa za mu zaɓi shugaban ƙasa. Tun bara masu rajista sun bi gida-gida, Baba Alhaji ya bari an rubuta mu don a ce garin yana da jama'a. Katin kuwa, Gwaggo ta karɓe nata da nawa ta ƙulle a bakin zane. Da zaɓe ya matso sai ya tsaya a tsakar gida, ya ba ƙofata baya kamar yadda suruki yake yi, yana magana da Inna da murya wadda ni ake so in ji.

"Duk macen gidan nan da ta fita ta dangwala hannu a takardar zaɓe, daga can ta zarce gidan ubanta. Na faɗa."

Gwaggo daga kan tabarmarta ta ce, "To ni gidan ubana ai nan ne, Tanko."

Ita kaɗai ke kiransa da sunan nan na yarinta. Ya ce, "Yaya, ba wasa nake ba. Tawadar ma an ce tana hana alwala. Cikin ibada mutum ya ɓata sallarsa?"

"Ta hannun maza kuma ruwa yana ratsa ta, ko?"

Ya fice. Amma kowa ya san inda maganar ta sauka. Inna ba za ta fita ba. Gwaggo ba mai korarta. Ni ce mai gidan uba a wani gari, can Keffi, kuma ni ce ƙafa da idon tsohuwar.

Zaɓen kashi-kashi aka yi, Asabar bayan Asabar. Maza su je su dawo da baƙin tabo a gindin farce, mu muna gida. Azumi ya kama, saura na ƙarshe, na shugaban ƙasa. Wata rana da hantsi ina shafa wa Gwaggo man shanu a ƙafa sai ta kamo hannuna ta tura cikin ɗankwalinta, na ji wani dogon tabo a ƙeyarta inda gashi bai sake fitowa ba.

"Kin ji? A Kano na samo shi, ina da sauran ƙarfina. Taron jam'iyya muka je, mu mata, muna cewa a ba mu ƙuri'a, a buɗe wa 'ya'yanmu mata makaranta. Matan Kudu suna zaɓe, mu muna leƙe ta katanga. Aka kwashe mu, aka aske mu da aska marar kaifi, aka rufe mu. Da na fito, mijina ya ce ba ya zama da mai askakken kai." Sai ta kira sunana. "Rakiya, saura ɗaya. In wannan ta wuce, ban san ko zan ga wata ba."

Na ce, "Gwaggo, kin ji abin da Baba ya ce."

"Na ji. Ba kurma ba ce ni, makauniya ce."

"In aka kore ni fa?"

"Akwai zunguruna a rataye. Muna dawowa ki zura hannu cikin lalle, kafin maza su dawo daga gona ya rine yatsan. Wa zai gane?"

Zunguru doguwar ƙwarya ce da mata ke cusa hannu a ciki in sun yi ƙunshi. Dabarar ta yi min daɗi a kunne, amma kwanakin da suka biyo ban ji daɗin komai ba. Ina son mijina irin son da ke sa mutum ya gane takun wani cikin takun mutum goma. Na kuma san bai taɓa yi wa ubansa musu ba, bai taɓa yi masa ƙarya ba. Sau da dama na buɗe baki in gaya masa, sai in ga gajiyar gona a fuskarsa in haɗiye. In na tambaye shi ya ce a'a, shi ke nan, na rufe wa Gwaggo hanya da hannuna. In ya ce e, na haɗa shi da mahaifinsa.

Ranar ta zo da hadari tun sassafe, gabas ta yi baƙi ƙirin. Maza za su fara jefa tasu, daga can su wuce gayya a wata gona mai nisa, sai yamma. Ina shara na ji takun Na-Gwaggo. Ya tsaya bakin ƙofata bai kalle ni ba. Ya jingina laimarsa da bango, baƙar laima mai mariƙin katako wadda ba ya ba kowa aro.

"Hadarin nan zai zuba," ya ce, kamar da bangon yake magana. "Rafi kuma ya kawo ruwa jiya. Mashigin wajen ɗorawa ya fi sauƙi."

Ya naɗe buhu ya kifa a kai, ya fita. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ya sani ne? Mantuwa ya yi? Mutumin da zai wuni a gona cikin ruwa, me zai sa ya bar laima?

Da muka zo fita, Gwaggo tana dafe da kafaɗata, sai muka yi kiciɓis da Inna a bakin turmi. Ta dubi mayafina, ta dubi laimar, ta juya ta ci gaba da luguden taɓarya.

"Ni dai daka nake," in ji ta.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko. Hanya ta zama taɓo, takalmin Gwaggo ya maƙale, na cire na riƙe. Ɗigon ruwa yana sauka a leɓena ina tofarwa don kada ya wuce. Yunwa tana cina, Gwaggo kuma tana yi min nauyi kamar buhun dawa, muna taku kaɗan mu tsaya ta huta. Duk wanda na hango daga nesa sai in ga kamar Baba Alhaji ne, in karkato laima in rufe fuska. Da muka isa ɗorawa na ga rafin. Jan ruwa ne yana gudu da karare da ganye, ya kai cinya. Ni kaɗai ma da ƙyar.

"Kai, amarya! Ina za ka da tsohuwa cikin ruwa?"

Mama Ladi ce, maƙwabciyarmu Bagwariya mai sayar mana da doya, da ƙatuwar ƙwarya a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Gwaggo ta ce, "Zaɓe za mu."

Mama Ladi ta ƙyalƙyale da dariya. "Alhaji ya bari? Lallai duniya ya canja." Ta sauke ƙwaryar a kan dutse, ta durƙusa. "Hau, Gwaggo. Doya na ya fi ka nauyi."

Ta goya ta kamar jaririya ta shiga ruwan. Ina biye ina riƙe da laima a kansu, ruwa yana fizgar zanena, Gwaggo tana salati tana cewa, "A hankali, 'yar nan, kada in mutu saura ƙiris."

A firamaren da aka hana ni zama kan benci ake jefa ƙuri'ar. Layin mata daban, yawanci matan Gbagyi, sai mu 'yan ƙalilan masu mayafi, kowace ta sunkuyar da kai. A layin maza na hango mahaucin garinmu, aminin Baba Alhaji. Ya dubi laimar, ya dube ni, ya kau da kai.

Malamin zaɓen wani saurayi ne mai Hausar 'yan koyo. Ganin Gwaggo ba ta gani, ya ce in shiga da ita bayan labulen zana. Ta raɗa min jam'iyyar da take so.

"Kada ki bi hoto kaɗai. Karanta min, in ji da kunnena."

Na bi haruffan da yatsa, irin waɗanda na sani a daɓe da gawayi, na karanta mata. Na ɗora yatsanta a wurin. Ta danna har na ji tsoron takardar za ta huje. Muka fito ta jefa a akwati, aka shafa mata tawadar nan da ba ta fita a gindin farce.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan, Gwaggo."

"Wannan ɗan abin aka aske min kai a kansa?" Ta fashe da dariya, hawaye yana bin kuncinta daga idanun da ba sa gani.

Malamin ya ce, "Madam, kai fa? Ina kati?"

A nan ne na ga wata ƙofa da ban lura da ita ba. Baba Alhaji cewa ya yi wadda ta dangwala. In na juya yanzu, hannuna fes, rakiya kawai na yi, sai dai faɗa. Gwaggo ta samu abin da take so. Ta saki kafaɗata kawai. Na dubi bencinan da aka ture gefe, da allon da sauran alli bai gama gogewa ba. Ban san lokacin da na kwance bakin zanena na miƙa katin ba.

Dawowa ta fi tafiya wuya. Rafi ya ƙaru, sai da muka jira ya ɗan sauka, Mama Ladi ta sake goyo. Mun shigo gida la'asar ta yi sanyi. Ranar girkina ce, amma na tarar Inna ta dama kunu, ta ɗora tuwo, ga lalle a kwaɓe a bakin ƙofata, zunguru a gefe. Na shige ɗaki na damƙe lallen na cusa hannun hagu, ina roƙon Allah rana ta tsaya.

Abin da muka manta, ni da Gwaggo, shi ne lalle ba ya kamawa da gaggawa, kwana yake so. Kuma ba wadda ke ƙunshi a tsakiyar azumi, Sallah da sauran nisa, hannu ɗaya, da rana tsaka. Ɓoyon da kansa ya zama shela.

Aka kira magariba, aka sha ruwa. Kunun da na wuni ina mafarki na ture shi gefe. Bayan salla na ji sallamar Baba Alhaji, ba a zaure ya tsaya ba, har tsakar gida.

"An ce an ga mata biyu daga gidan nan a firamare."

"Ni ce ɗaya," in ji Gwaggo. "Zo ka gani, ya yi min kyau."

"Ta biyun nake tambaya. Dangwalawa ta yi ko rakiya?"

Suruki ba ya shiga ɗakin matar ɗansa, ba ya duba hannunta, ko ido ba sa haɗawa. Don haka ya kira ɗansa.

"Shiga ka duba hannun matarka. Ka fito ka gaya min abin da ka gani. Da azumi ka wuni, ka san abin da ke kan mai ƙarya."

Labule ya ɗaga. Rigarsa har lokacin a jiƙe take, ƙafarsa duk taɓo. Ya durƙusa gabana yadda yake yi in zai koya min karatu. Ya zare zungurun a hankali, ya share lallen da yatsa, ya matso da fitila. Hannun ya yi ɗan ja-ja kamar ruwan goro, tawadar kuwa tana nan baƙa a ƙarƙashi, ta ma fi fitowa.

Na ce cikin raɗa, "Ka ce lalle ka gani. Ai lalle ne."

Ya girgiza kai. Na fara tunanin hanyar Keffi, da yadda zan ɗaure kwanukana, da daɓen nan da ba zan sake gani ba. Sai ya jawo buta. Ya riƙe babban yatsana ya wanke shi tas, ya goge da bakin rigarsa, ya jera nasa kusa da nawa. Tabo biyu iri ɗaya.

"Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, Rakiya."

Ya miƙe ya fita. Na rarrafa bakin labule.

"Baba, akwai tawada. Irin ta hannuna ce, irin ta hannunka."

"To ka san abin da na faɗa."

"Na sani. Amma da laimata ta je. Ni na ajiye mata, ni na gaya mata mashigi. In laifi ne, nawa ne kafin nata."

Sai na ji muryar Baba Alhaji.

"Ni ba na magana biyu. Ba za ta zauna min a gida ba."

"To, Baba. Ka yi mana izni zuwa bayan Sallah, mu nemi wuri."

"Mu?"

"Mu."

Gwaggo ta ce, "Ku naɗe har da tabarmata. Tanko, kai ka zauna ka yi gadin maganarka."

Bayan Sallah muka tashi. Ya bar rabonsa na gona, masara ta nuna wani ya karya. Inna ta raka mu bakin hanya, ta tura min ƙullin daddawa cikin kaya. Muka kama ɗaki ɗaya a Karu, mu uku, yana yoyo. Ya shiga leburanci wurin masu fasa dutse na sabon birni, hannunsa ya tsattsage, mun ci tuwo ba miya ba sau ɗaya ba. Ni kuma na koma kan benci, da yamma, da sanin kowa. Gwaggo ba ta ga wani zaɓen ba. Baba Alhaji bai taka gidanmu ba sai ranar sunan Bilkisu, ya tsaya a waje ya ba ƙofa baya, ya ce a miƙo masa jaririyar.

Bilkisun ce jiya ta gama zana min yatsu huɗu, ta zagaye na biyar ta bar shi, tana ƙunƙuni. Can ta tuna ba mu da ƙanƙara, magariba kuma ta kusa, ta miƙe tana neman takalmi. Ruwa bai tsagaita ba. Daga cikin ɗaki, inda yake kishingiɗe da carbinsa, gemu fari fat, sai na ji muryar Na-Gwaggo.

"Wa zai fita? Ga laima nan jingine da bango."